Maijego ƴar shekara 23 da shanyewar ɓarin jiki: daga ina gudan jinin ya taso?

An kawo ta da hantsi cikin adaidaita, a tsakiyar bazara, mijinta da mahaifiyarta na riƙe da ita, ƙanwarta na biye goye da jariri. Shekararta 23, haihuwarta huɗu, uku na raye, ta ƙarshen kuwa mako bakwai ke nan da yin ta. Daga wani ƙauye suke a kan hanyar Madarunfa. Bakinta ya karkace zuwa hagu, hannun dama ya saki gaba ɗaya, ƙafar dama tana motsi amma ba ƙarfi, magana kuma ta ɗauke.

Duk wanda ya gan ta ya san shanyewar ɓarin jiki ce, ko mai gadin ƙofa. Abin da ya sa na ga lamarin ya cancanci a rubuta shi shi ne shekarunta. Idan dattijo mai shekara 70 ya faɗi bayan ya daɗe da hawan jini, galibi tsufan jijiyoyi ya isa bayani. Jijiyoyin ƴar shekara 23 ba su tsufa ba. Dole akwai wata cuta a wani wuri da ta jawo wannan, kuma muddin ba a gano ta ba, faɗuwa ta biyu na nan tafe.

Abin da dangi suka faɗa

Mahaifiyar ce ta ba da labari. "Likita, jiya da safe tana ba yaro nono, sai muka ji kukansa, ashe ya suɓuce mata. Muka yi ta kiranta, tana kallonmu da ido, baki ya ƙi." Babu ciwon kai kafin nan, babu jijjiga, ba ta suma ba. Mijin ya ce sun zaci iska ce ta taɓa ta, tunda maijego ce kuma ta fita bayan gida da asuba. Aka yi hayaƙi, aka karɓo rubutu aka ɗura mata, ta ƙware ta yi ta tari. Suka kwana a haka. Da gari ya waye suka kai ta ƙaramin asibitin yankinsu, majo, wato babban ma'aikacin jinya na wurin, ya auna jini ya ga bai hau ba, bai ba ta komai ta baki ba, ya rubuta takarda ya ce su wuce Maraɗi. Abin da ya yi daidai ne.

Sauran labarin sai da aka tono shi. Na ce, "Inna, kafin jiya lafiyarta ƙalau?" Ta ce, "Ƙalau, sai ɗan abin jego." Da na nemi a fayyace mini ɗan abin jegon, sai ga shi ba ɗan kaɗan ba ne. Tun mako biyu bayan haihuwa take haki idan ta ɗaga guga. Daga baya ko shara ta gagare ta. Ƙafafu suka kumbura, aka ce ruwan jego ne zai tsane. Da dare tari yake tashe ta, har ta daina kwanciya, sai ta jingina da bango ta yi barci a zaune. An sayo mata maganin tari wurin mai tebur kwalba biyu. Wankan jego safe da yamma da ganyen dogon yaro ba ta fasa ba, kunun kanwa kuma kullum. A katin awon ciki akwai wuri ɗaya, a wata na takwas, da aka rubuta 150/95, ba a sake aunawa ba har ta haihu a gida.

Dubawa

Awon jininta 104/72, bugun zuciya 118 a minti, yana tafiya daidai ba tsalle. Zafin jiki 38.3. Jijiyoyin wuyanta a cike suke ko da an zaunar da ita, ƙasan huhu biyu na ƙarar ruwa, na dama ya fi, hanta ta sauko, ƙafafu idan an danna sai yatsa ya bar rami. A zuciya akwai sauti na uku, wanda ake ji idan ta gaza. Wuyanta bai sanƙare ba. Idan aka ce ta rufe ido ko ta ɗaga hannun hagu tana yi, wato tana fahimta, amma in ta so magana sai "to, to" kawai ke fita. Sukarin jini daidai, gwajin zazzaɓin cizon sauro bai nuna komai ba, jininta ya yi ƙasa kaɗan.

Wannan haɗin, fuska da hannu sun fi ƙafa mutuwa a ɓangaren dama, ga rashin magana, yana nuna jijiyar tsakiya ta ƙwaƙwalwar hagu. Ita ke shayar da wurin da ke sarrafa furuci, wanda likitan Faransa Paul Broca ya bayyana a 1861.

Fiye da awa 24 sun wuce. Maganin narkar da gudan jini ana ba da shi ne cikin awa 4 da rabi, saboda haka ko da a ce yana hannu, lokacinsa ya shige. Lissafin da Jeffrey Saver ya buga a 2006 ya nuna cewa idan babbar jijiya ta toshe, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 1.9 ke mutuwa kowane minti. Abin da ya mutu ya mutu. Aikin da ya rage shi ne tsare abin da ya saura, da gano tushen.

Kuɗin mijin ba za su ɗauki kowane gwaji ba, ya riga ya sayar da tunkiya. Tun 2006 awon ciki, tsarin iyali da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 suke cikin tsarin kyauta a Nijar, amma jinya irin wannan ba ta ciki. Aka jera gwaje-gwajen bisa ga wanda zai canja magani. Na farko hoton sikana na kai, domin ba a bambanta toshewar jijiya da fashewarta da ido, alhali maganin ɗaya guba ne ga ɗayar. Hoton ya nuna wurin da ya mutu a hagu, matsakaici, siffarsa ta bi yankin jijiyar da aka zata, babu zubar jini.

Waɗanda aka tuhuma

Tsarin da likitoci suka fi bi wajen rarraba dalilan toshewa, mai suna TOAST, an fitar da shi a 1993, kuma ya kasa su gida biyar: kitse a manyan jijiyoyi, gudan jini daga zuciya, toshewar ƙananan jijiyoyi, wasu dalilai sanannu, da wanda aka rasa dalilinsa. Gida na farko da na uku sun fi cika a tsofaffi. A matasa abin ya juye. Binciken Helsinki na 2009, kan mutum 1008 masu shekara 15 zuwa 49, ya samu kusan kashi 20 cikin 100 daga zuciya ne, kashi 15 daga tsagewar bangon jijiyar wuya, kusan kashi ɗaya cikin uku kuma ba a gano dalili ba duk da kayan aikin Finlan. Sai dai jerin Helsinki ba shi ne jerin Maraɗi ba, kuma wanda ya karanta littafin Turai ya zo yana neman cututtukansu a nan da irin jerinsu zai ɓarnatar da kuɗin talaka.

Hawan jini shi ne na farko a yankinmu, ko a matasa. Binciken SIREN da aka yi a Najeriya da Gana, har da asibitocin Kano da Zariya, ya nuna a 2018 cewa cikin marasa lafiya 2118, 515 ba su kai shekara 50 ba, wato kusan ɗaya cikin huɗu, kuma fiye da rabin waɗannan matasan fashewar jijiya ce ta same su ba toshewa ba. Hawan jini ne ya fi kowane dalili nauyi. A wannan maijego awon bai hau ba, amma wannan kaɗai ba ya wanke shi, don zuciyar da ta gaji ba ta iya ɗaga awo. Abin da ke katin awon ciki ya nuna mai yiwuwa ta yi hawan jinin masu ciki. Sai dai irin wannan babban yanki da ya mutu lokaci guda ba aikin ƙananan jijiyoyi ba ne.

Na biyu da ke zuwa rai ga kowace maijego shi ne daskarewar jini a manyan magudanan da ke kwashe jini daga ƙwaƙwalwa. Bazara, gumi, wankan ruwan zafi da ƙarancin jini duk suna taimaka masa. Amma shi yakan zo da ciwon kai na kwanaki, sau da yawa da jijjiga, kuma hotonsa ba ya bin yankin jijiya ɗaya. Bai dace da ita ba.

Sikila kuwa ba a tsallake ta a ƙasar Hausa. Babban binciken Amurka da aka buga a 1998 ya nuna kashi 11 cikin 100 na masu SS suna samun shanyewar ɓarin jiki kafin shekara 20, kashi 24 kafin 45. A Kano an gwada maganin haidiroksiyuriya ga yaran da awon gudun jinin ƙwaƙwalwarsu ya nuna suna cikin haɗari, saboda ƙarin jini kowane wata da ake yi a Amurka ba ya yiwuwa ga yawancin iyalai. Gwajin jininta ya nuna AS. Mijin da ya ji haka ya ce to an gano. Ba a gano ba. Mai AS ɗauke da gadon kawai yake, mutane da yawa a kowace unguwa haka suke, kuma wannan bai isa ya bayyana faɗuwarta ba, ballantana kumburin ƙafa.

Sida, tunjere, tarin fuka da ya hau kai da sanƙarau duk suna kumbura jijiyoyin ƙwaƙwalwa har su toshe, kuma muna cikin yankin sanƙarau, lokacinsa ne ma. Gwajin sida da na tunjere ba su nuna komai ba, wuya bai sanƙare ba, zazzaɓinta kuma ya samu bayani a huhun dama, inda rubutun da aka ɗura ya gangara. Ba ta buge wuya ba, ba ta faɗi daga kabu-kabu ba. Ba ta shan ƙwayar tsarin iyali mai sinadarin istirojin, ba ta da ciwon ɓarin kai, ba ta taɓa ɓari ba, abin da kan sa a nemi cutar da ke sa jini yawan daskarewa. Da saurayi ne daga tasha ko kasuwa da an matsa tambaya a kan taba, shisha, wiwi da ƙwayoyin ƙara kuzari.

Zuciya ce ta rage, kuma tun daga bakin ƙofa alamunta ke nuna can. Tambayar ita ce wace cuta a zuciyar. Wadda aka fi sani a matasanmu ita ce lalacewar ƙyauren zuciya bayan ciwon maƙogwaro na yarinta. Ƙwayar cutar na kama maƙogwaro, maimakon a ba yaro fenisilin sai a kai shi wurin wanzami a cire beli, garkuwar jiki ta juya ta cinye ƙyauren a hankali, bayan shekara goma ko ashirin ƙofar ta tsuke, bugun zuciya ya rikice, jini ya daskare a ɗakin sama na hagu. Ciki ne ke yawan tona asirin wannan cuta. Amma awon lantarkin zuciyarta ya nuna sauri kawai, ba rikicewa.

Hoton eko, wanda ke nuna cikin zuciya tana bugawa, shi ya yanke magana. Ƙyamaren zuciya lafiya lau, sirara, suna buɗewa. Ɗakin ƙasa na hagu kuwa, wanda ke tura jini zuwa jiki duka, ya buɗe ya yi faɗi, bangonsa da ƙyar yake motsi. Lafiyayyar zuciya na fitar da fiye da kashi 55 cikin 100 na jinin da ke ɗakin a kowane bugu. Tata 24 take fitarwa. A can ƙasan ɗakin ga gudan jini manne da bango, gefensa na rawa.

Yadda abin ya faru

Sunan cutar raunin tsokar zuciya na haihuwa. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ta bayyana shi a 2010 da cewa gazawar zuciya ce da ke zuwa a ƙarshen ciki ko cikin watannin bayan haihuwa, abin da zuciya ke fitarwa ya gaza kashi 45, ba tare da wani dalili ba.

Abubuwa uku ke sa jini daskarewa a cikin jiki, kamar yadda ake danganta wa Bajamushe Rudolf Virchow: jini ya tsaya, bango ya samu rauni, ko jinin kansa ya ƙara kauri. Duk wanda ya ga jinin ragon Layya a ƙwarya ya san abin da ke faruwa da jinin da ya daina gudu. A zuciyar da ke fitar da kashi 24, jinin da ke lungun ƙasa kusan a tsaye yake. Ga shi kuma jikin mai ciki da kansa yake ƙara sinadaran daskarewa don kada ta zubar da jini ta mutu wurin haihuwa, kuma wannan hali ba ya gushewa ranar suna. Ya fi ƙarfi a mako shidan farko, wani bincike na Kalifoniya da aka buga a 2014 kuma ya nuna ragowarsa na kaiwa mako 12. Da safen nan wani ɓangare na gudan ya ɓalle, ya bi babbar jijiya, ya hau ta wuya, ya maƙale inda hanya ta tsuke a ƙwaƙwalwar hagu.

Wannan cuta ba baƙuwa ba ce a wurinmu, hasali ma da matan Hausa duniya ta fi saninta. A shekarun 1970 Davidson da Parry suka rubuta labarin mata 224 a Zariya, suka lura cutar ta fi yawa a watan Yuli, suka ɗora laifi a kan kunun kanwa da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. A Yamai, Cénac da abokan aikinsa suka nuna a 1992 cewa masu cutar na da ƙarancin sinadarin seleniyam a jini. A Sakkwato an ƙiyasta a 2007 tana kama mace ɗaya cikin haihuwa 102. Rajistar PEACE ta Najeriya, ƙarƙashin Farfesa Kamilu Karaye na Kano, ta fito a 2020 da kusan irin wannan adadi a arewa maso yamma, amma da wani abin da ba a zata ba: da aka auna komai tare, wankan ruwan zafi da kunun kanwa ba su tsaya a matsayin dalilai masu zaman kansu ba. Waɗanda suka tsaya su ne ramar jiki, rashin karatun boko, rashin sana'a, da hawan jinin masu ciki. Wato talauci ne da awon ciki marar bibiya.

Wannan ya yi amfani da aka zauna da mahaifiyar, don ta riga ta ji a ɗakin jinya ana cewa kanwa ce ta kashe wa ƴarta jiki. Ta ce, "Likita, haihuwata tara, duk na sha kunun nan, uwata ma ta sha." Na ce, "Gaskiyarki, Inna, ba ke kika jawo mata ba, kuma ba kunun ne ya haddasa cutar ba. Amma kanwa gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki, zuciyarta kuwa ta kasa ɗaukar wanda ke akwai. Daga yau ita kam ta bar shi." A ganina wannan ita ce matsayar da ta dace: kada a zagi al'ada a kan abin da bincike bai tabbatar ba, kada kuma a ƙyale kanwa ga mace mai haki da kumburi.

Magani, da inda aka yi gardama

Kwanakin farko na huhu ne. Aka hana ba ta komai ta baki, aka sa tiyo ta hanci don abinci da magani, aka ba ta maganin ƙwayar cuta da iskar shaƙa, aka riƙa juya ta don kada ta yi gyambon kwanciya. Furosemid ya janye ruwan huhu, amma da lallaɓawa, domin ƙwaƙwalwar da ke gefen wurin da ya mutu tana bukatar awon jini kada ya faɗi. Asfirin ya fara bayan sikana ta nuna babu zubar jini. Magungunan zuciya, enalafiril da karbedilol, suka shigo daga baya, kaɗan-kaɗan, da sifironolakton.

Gardama ta farko a kan maganin tsinka jini ce. Ga guda na rawa a zuciya, kowace rana yana iya sake ɓallewa. Ga kuma sabon rauni a ƙwaƙwalwa wanda idan aka tsinka jini da wuri zai iya komawa zubar jini. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a jira kwana 1, 3, 6 ko 12 gwargwadon girman raunin. Nata matsakaici ne, aka jira mako guda, aka ga ba ta ƙara lalacewa ba, sannan aka fara allurar hefarin tare da ƙwayar tsinka jini ta Sintrom, aka tsayar da asfirin. Manufa ita ce awon tsinkewar jini, INR, ya zauna tsakanin 2 da 3.

Ta biyu a kan nono ce. Tun 2007 binciken Hilfiker-Kleiner a Jamus ya nuna wani gutsuren sinadarin da ke kawo ruwan nono yana cutar da ƙananan jijiyoyin zuciya, sannan a 2010 Karen Sliwa ta gwada maganin buromokiriftin a kan mata 20 a Afirka ta Kudu, waɗanda suka sha shi suka fi farfaɗowa. Wani abokin aiki ya ce a ba ta. Amma maganin yana busar da nono ɗungurungum, kuma ana tsoron yana ƙara haɗarin daskarewar jini, ga mace da ta riga ta faɗi saboda haka. Jaririn mako bakwai a ƙauye, babu kuɗin madarar gwangwani, ruwa na rijiya, damina na tafe da zawo da tamowa. Ba a ba ta ba. Magungunan da aka zaɓa duk ana shayarwa da su, ƙanwar ke riƙe mata yaron a ɓangaren hagu.

Haɗiya ta dawo a mako na biyu, aka cire tiyo. Mai gashi ya koya wa ƙanwar yadda za ta motsa kowace gaɓa, da gargaɗin kada a ja ta ta hannun da ya mutu, don kafaɗar na iya gocewa. Wani abu ya faru da ya girgiza dangin: ba ta iya cewa "kofi" idan an nuna mata kofi, amma da mahaifiyar ta fara Fatiha sai ta kama ta kai ƙarshe. Wannan sananne ne a irin wannan rauni, abin da aka haddace tun yarinta yana da wata hanya dabam a ƙwaƙwalwa. Aka yi amfani da shi: ƙidaya, sunayen ranaku, gaisuwa, daga nan a ja ta zuwa kalmomin gida.

Makonni biyar da aka rasa

A takarda, cutarta ta fara ne da safen da yaro ya suɓuce. A gaskiya ta fara ne ranar da guga ya gagare ta. Tsakanin biyun akwai mako biyar, kuma a cikinsu ta je wurin ma'aikatan lafiya: ita da kanta ta kai jaririn rigakafin mako shida, ta zauna a layi tana haki, aka yi wa yaro allura aka sallame su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a duba uwa da jariri cikin awa 24, sannan tsakanin awa 48 da 72, sannan tsakanin kwana 7 da 14, sannan a mako na shida. A aikace, da zarar mace ta sauka lafiya, kati ya koma na yaro.

Ba a bukatar eko don a yi zargin wannan cuta. Ungozoma ko majo na iya tambayar maijego ko tana iya kwanciya miƙe, ko tari na tashe ta da dare, ta danna ƙafarta, ta ƙirga bugun hannu. Minti biyu ne. Da an kama ta a mako na uku, da an fara maganin zuciya, da eko ya nuna raunin, kuma da irin wannan rauni a cikin jego ana ba da maganin tsinka jini tun kafin guda ya ɓalle. Abin da ke sa ta ɓuya shi ne alamunta sun yi kama da gajiyar jego, maijego kuma an hore ta da kunya da haƙuri, ba za ta ce ta kasa ba.

Bayan sallama

Sintrom magani ne mai wuyar sha'ani a ƙauye. Aka gaya musu zogale, rama, yakuwa da kuka na rage ƙarfinsa, amma ba a hana ta ci ba, don a bakin Gulbin Maraɗi hana mutum ganye hana shi abinci ne. Abin da ake so kada ta cika ƙwarya yau ta yi mako ba ta taɓa ba. Aka hana ƙaho da tsaga, da duk maganin ciwon jiki na mai tebur.

Magana mafi nauyi ita ce ta wani cikin. Idan zuciya ba ta koma kashi 50 ba, sabon ciki na iya kashe ta, Sintrom kuma na lalata halittar ɗan tayi. A jihar Maraɗi, inda binciken lafiya na 2012 ya nuna mace na haihuwar sama da 8, alhali na ƙasa baki ɗaya a lokacin 7.6 ne, wannan ba ƙaramar magana ba ce ga ƴar shekara 23. Mijin ya ce, "Likita, haihuwa ai ta Allah ce." Na ce, "Haka ne, Malam. Amma zuciyar nan kai ma ka ga hotonta. Ciki na ƙara wa mace kusan rabin jinin jikinta, ita kuwa wanda take da shi ma ya fi ƙarfinta." Ya ce zai yi shawara da mahaifinsa da malaminsu, ya dawo ya ce sun yarda. Ita ma an yi mata bayani ita kaɗai, a hankali, tunda fahimtarta na nan, ta nuna ta amince. Ƙwaya mai istirojin haramun ce gare ta har abada. Aka sa mata ashanar tsarin iyali a dantsen hagu.

A wata na uku tana tafiya da sanda, tana haɗa kalma uku zuwa huɗu, hannun na ɗaguwa zuwa kafaɗa amma yatsu ba sa kama abu. Eko ya nuna gudan ya narke, zuciya na fitar da kashi 33. Da damina ta kankama suka tsallake awon INR sau biyu, mijin na gona, hanya ta yi laka. Ta dawo da haɓo da ya ƙi tsayawa, awon ya haura 5, ashe wata maƙwabciya ta ba ta diklofenak don ciwon kafaɗa. Aka dakatar da maganin kwana biyu, aka rage shi.

A wata na shida zuciyar ta kai kashi 41, babu sabon guda, bugu daidai. Da wannan, da kuma wahalar awo, aka tsayar da Sintrom aka mayar da ita kan asfirin. Magungunan zuciya suna nan ba a taɓa su ba, ko da ta ji sauƙi, domin masu dainawa da kansu ne ke dawowa da kumburi. Tana dafa abinci da hannun hagu, daka da ɗiban ruwa sun koma kan ƙanwar, wadda aka ɗaga bikinta zuwa bayan kaka saboda haka. An rubuta wa majon yankinsu takarda ya riƙa auna nauyinta da awon jini kowane wata, ya turo ta nan take idan nauyi ya ƙaru da kilo biyu cikin mako ko haki ya dawo. Eko na gaba idan yaron ya cika shekara. In ya sauka ƙasa da 35 ko guda ya sake fitowa, Sintrom zai dawo; in ya kai 50 ya zauna, za a sake zama da ita da mijin a kan batun ashanar.